Sabon Babur na Caina ko Na-hannu na Japan? Amsa ga Mai Tambaya daga Mabera

Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Mabera ne nan Sakkwato, sana'ata haɗa wa manoman fadama injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Aikin shina kai ni Kware, Wurno, Tambuwal, wani lokaci har Argungu da Birnin Kebbi. Ƙaramin mashin ɗina ya gaji, ni ma ya gajiyar da ni, in na yi doguwar tafiya sai bayana ya riƙe. Na tara kuɗi, Yayana ya ƙara min rance, ina son babban babur matsakaici, ba irin na tsere ba. Wani dila a Legas ya turo min hoton sabon CFMoto 450MT na Caina, cikin kwalinshi. Wani kuma a Abuja shina da Honda CB500X na hannu, ƙirar 2019, kuɗinsu ba nisa da juna. Da munka zauna da Yaya ya rantse ba za a sa kuɗinshi ga kayan Caina ba. Abokaina sun ce in ƙara kuɗi in sayi Yamaha Ténéré 700 ko mai silinda huɗu, wai su ne babura. Maiɗakina kuwa ba ta son zancen gaba ɗai, ta ce zan bar ta da marayu. Raina ya fi kwantawa ga sabon, amma ban son ɓatawa da Yaya. Mi ya kamata in yi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya kuma saka wa Yaya da alheri, don ba kowane wa ne zai ciro kuɗi a wannan marra ya ranta wa ƙaninsa ba.

Abokanka zan fara sallama, nasu ba ya buƙatar dogon zance. Babur mai silinda huɗu irin Honda CB650R ƙarfinsa ya haura doki 90, cikinsa a ƙasa yake, tayoyinsa na kwalta ne zalla. Ranar da ka sauka daga titin Wurno ka shiga rairayin fadama, ranar za ka nemi yara su taya ka turi. Ténéré 700 kuwa babur ne na gaske, ban musa ba. Yamaha ta fito da shi a 2019, ta raɗa masa sunan hamadar Tenere da ke can gaba da Agadas, injinsa 689cc, doki 70 da ɗoriya. Amma tsayin sirdinsa santimita 87 da rabi ne, nauyinsa ya ɗan haura kilo 200, kuɗinsa kuma ya kusa ninka na CFMoto ɗin da ake yi maka talla. Wanda ya saba da mashin mai doki 10, ga bashi a wuya, ba daga nan zai fara ba. Masu zuga ka, ka tambaye su wa zai cika kuɗin.

Rantsuwar Yaya tana da tushe. Duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 2000 ya ga yadda ƙananan babura na Caina suka cika gari, suka ture Suzuki da Yamaha da Honda da aka saba da su. Sun zo da araha, talaka ya samu abin hawa, 'yan kabu-kabu suka samu jari. Amma an sha ganin fenti ya koɗe a damina ɗaya, noti yana kwancewa a hanya, waya tana narkewa. Wannan Yaya ya gani da idonsa, kuma gardama ba za ta cire masa shi ba.

Sai dai duniya ta yi gaba. Kamfanin CFMoto na birnin Hangzhou, wanda aka kafa a 1989, ya ƙulla haɗin gwiwa da KTM na Ostiriya a 2017, kuma a can Caina ake ƙera baburan KTM 790. Injin da ke cikin CFMoto 800MT ma asalinsa na KTM ne. Kamfanin Loncin na Chongqing ya ƙera wa BMW na Jamus injin F850GS, sannan ya fito da nasa manyan baburan da sunan Voge. Qianjiang ya sayi tsohon kamfanin Benelli na Italiya tun 2005, kuma Benelli TRK 502 da ake haɗawa a Caina ya zama babur ɗin da aka fi saya a Italiya a 2020 da 'yan shekarun da suka biyo baya, a ƙasar da ke tinƙaho da baburanta na Ducati. Shi kansa 450MT ɗin da kake so, na'urar fesa mansa ta Bosch ce ta Jamus, birkinsa na J.Juan ne na Sifen, shokazobansa kuma na KYB, wanda kamfanin Japan ne. Ga kuma abin da zai ba Yaya mamaki: Honda CB500X a Tailan ake ƙera shi, haka ma Kawasaki masu 650cc. In an ce babur na Japan ne, galibi ana nufin zanensa da sa-idon kamfanin, ba ƙasar da aka ɗaura masa taya ba.

Batun kuɗi, tun da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023 farashin waɗannan kaya dala yake bi, abin da dila ya faɗa maka yau ba shi zai faɗa ba jibi. Don haka gwada su a inda ake sayar da dukkansu sabbi ya fi nuna gaskiya. A Ingila a 2024, 450MT ya fito a kan kusan fam 5,700. Honda NX500, wanda shi ne CB500X da aka canza wa suna a shekarar, kusan fam 6,800. Ténéré 700 ya haura fam 10,000. Ka ga ke nan sabo da sabo, na Caina ya fi Honda araha da wajen kashi 16 cikin 100, kuma ya zo da kayan da Honda ƙirar 2019 ba ta da su: shokazoba masu hanyoyin saiti da yawa gaba da baya, na'urar hana tayar baya sulɓi, allo mai launi. Dabarar kamfanonin Caina ke nan a wannan aji duka, su cika maka babur da kaya su rage maka kuɗi.

A kan hanya fa? Honda 471cc ne, doki 47. CFMoto 449cc, doki 43 ko 44. Wannan tazara ba za ka ji ta ba, don kowannensu yana iya gudun da titin Tambuwal bai yarda da shi ba, ga ramuka, ga jakuna, ga akuyar da ba ta shawara da kowa kafin ta tsallaka. A doguwar kwalta Honda ya fi natsuwa, ya kuma fi tsimin mai. Kamfanin ya ce yana yin wajen kilomita 27 da lita ɗaya, tankinsa kuma lita 17 da rabi, wato ka je Birnin Kebbi ka dawo ba ka tsaya gidan mai ba. Amma da zarar kwalta ta ƙare, CFMoto ne sarki. Tayarsa ta gaba inci 21 ce mai sifok, ta Honda inci 19 a kan rim na zubi wanda rami mai kaifi yake iya lanƙwasawa. Tsakanin cikinsa da ƙasa santimita 22 ne, na Honda 18. A hanyar gona, inda amalanke ya tona kwari biyu ya bar tudu a tsakiya, waɗannan santimita 4 suna da amfani.

In a takarda za a yanke hukunci, ranka bai zaɓa maka banza ba, sabon ya fi dacewa da aikinka. Duk da haka ni Honda ɗin zan ce ka fara nema, kuma ga dalilina.

Ka tambayi kanka me ya sa ƙaramin babur mai araha ya ci kasuwar Sakkwato. Arahar saye kaɗai ba ta isa ba. Abin da ya riƙe shi shi ne, in ya tsaya maka a Kware ko Bodinga, ba za ka yi tafiyar minti goma ba sai ka ga bakanike a gindin dogonyaro, da sifana da guduma da kwanon fetur. Zai cire fulogi ya goga, ya kwance kafireto ya hura da baki, ya aiki yaro shagon da ke tsallake ya sayo ringi ko kebur, kafin la'asar ka hau abinka. Kayan Jincheng da Daylong da Boxer na Indiya suna kowane lungu. To babban babur na Caina bai gaji wannan gata ba ko kaɗan. Ba shi da kafireto. Injekta gare shi, wato na'urar fesa mai, da famfon mai a cikin tanki, da kwamfutar da makanikai ke kira birenbos, da na'urorin da ke auna iska da zafi da gudun taya. In fitilar inji ta kama, sai an jona masa na'urar gano ciwo kafin a san inda matsalar take. Bakaniken dogonyaro ba shi da ita, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce bai iya ba, sai ya fara yanke waya yana gwadawa.

A ce famfon man nan ne ya mutu a tsakiyar rani, lokacin da manoman albasa ke kiranka ba dare ba rana. Ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, da wuya a samu. Sai dai a yi oda daga Caina, a jira jirgi, a jira kwastan, babur yana zaure an rufa masa tamfol, kai kuma kana bin motar kasuwa da kayan aikinka a cinya. Wannan asara ba ta cikin farashin da dila ya faɗa maka.

Honda ɗin ma ba a kowane shago ake samun kayansa ba, kada in ruɗe ka. Shi ma injekta ne da kwamfuta. Bambancin shi ne tun 2013 ake ƙera wannan inji, kuma shi ne a cikin CB500F da CBR500R da Rebel 500, an sayar da su a kusan ko'ina a duniya. Saboda haka kayansa sabbi da na hannu suna yawo, daga kasuwar Ladipo ta Legas har Dubai, kuma makanikan manyan babura na Abuja da Kaduna da Kano sun saba da cikinsa. 450MT kuwa a 2024 ya fito. Ana yabonsa, amma bai yi shekarun da za a san yadda tsufansa yake ba, balle a zafi da ƙura irin namu.

Akwai kuma ranar sayarwa. Kai da ke da rance, dole ka yi tunanin ranar da wata larura za ta taso Yaya ya buƙaci kuɗinsa cikin gaggawa. Honda na hannu ya riga ya yi faɗuwar darajarsa a hannun wani, in ka kula da shi za ka same shi kusa da inda ka saye shi, masu nema kuma suna nan. Sabo kuwa, kowane iri ne, daga ranar da aka fasa kwali ya fara raguwa, na Caina kuma ya fi saurin raguwa, don mai saye irin tunanin Yaya gare shi. Garanti ma kada ya ɗauke maka hankali. A Ingila CFMoto na ba da har na shekara 4, amma ta hannun dilolin da kamfanin ya naɗa. Wanda ya shigo da babura a kwantena da kansa, garantinsa a bakinsa ya tsaya.

To amma kada ka tura ko kwabo Abuja a kan hoto. Ka je da ƙafarka, ka ɗauki bakaniken manyan babura wanda kai za ka biya, ba wanda dila zai kawo ba. Ku isa da sassafe. Kafin a tayar, ka ɗora hannunka a jikin injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ku zo, ka ce za ku dawo gobe, don injin da ke ɓoye ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. Ka duba tayar gaba: in an rubuta 17 maimakon 19, ba ƙirar 2019 ba ne, ya girmi haka, dila ya ƙara masa ƙuruciya ne. Ka shafa yatsa a sandunan shokazoban gaba, in ka ji maiƙo robarsu ta tafi. Ka leƙa haƙoran sufuroket, wato faifan da cen ke bi a kai, in sun yi tsini sun karkata gefe guda, babur ya ci hanya fiye da abin da mita ke faɗa. Ka haska tocilan cikin tanki ka nemi tsatsa. Ƙarshen hannuwa da matakin ƙafa da gefen salansa, nan faɗuwa ke barin tabo. Ka bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta kama da kanta. Fitilar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ta kama in an kunna makulli, ta mutu in an fara tafiya. In ba ta kama ba sam, ko dai ba shi da ABS ko an kashe fitilar da gangan. A jikin taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tayar da ta wuce shekara 5 ko 6 ta bushe ko da zanenta bai goge ba.

Sannan takardu. Lambar shasi da ke jikin ƙarfen wuyan babur ta yi daidai da ta takardar kwastan harafi da harafi, kuma kada ka ga alamar an goge an sake bugawa. Babur ɗin da ba shi da takardar biyan kwastan, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Kai da ke bin hanyoyin da ba su da nisa da iyaka, shingayen da za ka riƙa wucewa ba su da adadi.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kada ka zuba kuɗinka duka a saye. Ka ware wajen kashi ɗaya cikin biyar don cen da sufuroket, tayoyi, takalman birki, batir, ruwan lagireto da duba bawul, wanda littafin Honda ya ce a yi duk kilomita 24,000, masu sayarwa kuma ba safai suke yi ba kafin su rabu da shi. In dila ya ƙi rage kuɗi har wannan ya samu wuri, ba ka da kuɗin babur ɗin tukuna.

In kuwa Honda ɗin ya faɗi wannan jarrabawa, ka juya ka bar shi, kada sunan Japan ya riƙe ka. Babur ɗin da ya sha haɗari aka yi masa kwaskwarima, sabon na Caina ya fi shi nesa ba kusa ba. A nan sai ka koma kan dilan Legas, shi ma ka yi masa tasa jarrabawar. Ya kira ka ta bidiyo ya nuna maka kantar da kayan gyaran wannan babur suke, matatar mai, matatar iska, takalman birki, famfon mai, ba hoton intanet ba. Ya nuna shaidar cewa kamfanin ne ya naɗa shi. Ya faɗa maka garin da na'urar gano ciwon take. Ya haɗa ka da mutum biyu da suka yi shekara suna hawan irinsa, ka tambaye su abin da ya taɓa lalacewa da kwanakin da suka jira. In ya cika waɗannan, ka saya, ka haɗa da kwali guda na kayan gyara a tafiya ɗaya. Sai ka zauna da Yaya cikin ladabi ka nuna masa abin da ka gani. In ya sauko, alhamdu lillahi. In ya tsaya kan rantsuwarsa, kuɗinsa ne, yana da ikon gindaya sharaɗi a kai. Ka mayar masa da godiya, ka ƙara 'yan watanni kana tari har naka ya isa. Ko wanne aka yi, ku rubuta rancen da lokacin biya, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta yi umarni, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Ko wanne ka saya, abokan gabansa biyu ne a nan, gurɓataccen mai da ƙura. Man 'yan bumburutu da ƙaramin mashin ke haɗiyewa ba gardama, shi ke kashe famfon mai ya toshe injekta. Ka tsaya ga gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su. Da hunturu ka riƙa buɗe matatar iska akai-akai. Littafin Honda ya ce a canza baƙin mai duk kilomita 12,000, amma a garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ka raba wannan biyu. Lagireto kuma a riƙa wanke masa laka da ruwa mara ƙarfi, kuma kada a zuba masa ruwan rijiya.

Maganar maiɗakinka ita ce ta fi nauyi a wasiƙar nan, kada ka ɗauke ta surutun mata. Mashin ɗin da ka saba da shi bai wuce kilo 110 da 'yan kai ba, waɗannan kuwa sun doshi 200 in tanki ya cika, ƙarfinsu ya ninka naka sau huɗu. Sabon hawa ya fi faɗuwa a watannin farko, sau da yawa ma a hankali yake tafiya, a juyi ko a rairayi, nauyin ne ke rinjayarsa ya danne masa ƙafa. Ka sayi hular kwano mai rufe haɓa, rigar kariya mai raga-raga wadda iska ke ratsawa, safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, kuma kuɗinsu ya fito kafin na babur. Silifas da babbar riga mai lilo kusa da cen, a bar su sai ranar Juma'a a ƙafa. Ka yi lasisinka na aji A. Ka yi mata alkawarin da za ka iya cikawa: ba tafiyar dare, ba goyon ta ko yara sai hannunka ya faɗa. Ka nuna mata kayan kariyar ta taɓa su da hannunta, wannan zai fi kwantar mata da hankali fiye da rantse-rantse.

Ka kuma tuna halin da ake ciki. A 2021 gwamnatocin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga, kuma har yanzu mai babur a ƙauye idon kowa na kansa. Babban babur yana jan ido, na jami'an tsaro da na waɗanda ba ka so su gan ka. In ka doshi shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka ɗaga gilashin hula. Ƙaramin mashin ɗinka kada ka sayar, a gyara shi ya zauna don cikin gari da ƙauyukan gabas da ba a son fice, da kuma ranar da babban ke jiran kaya.

In ciniki ya faɗa a Abuja, kada ɗoki ya sa ka hau shi zuwa gida. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba wurin koyon sabon babur ba ce. A rage man tanki, a ɗora shi a mota a tsaye, a ɗaure da igiyoyi huɗu masu ƙarfi, a sa tsumma inda igiya ke taɓa fenti. In ya iso, ka samu fili mai faɗi bayan sallar asuba ka yi mako guda kana koyon juyi a hankali da taka birki da ƙarfi, sannan ka fara da Kware ka dawo.